Yare uku a gida ɗaya ba shi ke ɗaure wa yaro baki ba

Maganar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma abin da ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta ta shi ne abin da ya faru da ɗan ƙanwata a nan Garwa, arewacin Kamaru. Yaro ya shekara biyu da wata huɗu amma daga "mama" sai nuni da yatsa sai kuka, shi kenan abin da yake da shi. Uwarsa Hausa take yi masa, dangin ubansa Fulatanci, maƙwabtansu na gida ɗaya mutanen kudu ne Faransanci suke yi da shi, to ai kun san hukuncin da dangi suka yanke tun kafin a tambayi kowa: yare ne ya yi masa yawa, kansa ya ruɗe. Wata ta ce a bar komai a riƙa yi masa Faransanci zalla tunda dai shi zai tarar a lekol, wato makarantar boko, Goggo kuma ta ce a kira wanzami ya duba ƙasan harshensa ƙila linzami ne, wani kawunmu ya ce ku rabu da shi namiji ne, ubansa ma sai da ya kusa shekara huɗu. Kowa da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ba wanda ya ce a duba kunnensa, alhali tun daminar bara kunnen yake zubar da ruwa ana ɗiga masa man ja ana toshewa da auduga.

Zan dawo kan kunnen. Bari in fara da maganar yare ɗin nan don ita ce ta fi yawo a bakin mutane a Garwa da Marwa da Ngaundare har Kusiri da Njamena, kuma ita ce ta fi yi mana ɓarna a ɓoye.

Jariri ba ranar da ya ce "baba" ya fara koyon magana ba. Tun yana ciki, wajen wata na shida zuwa na bakwai, kunnensa ya fara aiki, ba kalmomi yake ji ba tunda ruwa da tsoka sun tare, amma yana jin tashi da saukar murya, yana jin kiɗan maganar uwarsa kamar yadda kake jin ganga daga wata unguwa ba ka jin waƙar amma ka san ko ta biki ce ko ta sarauta. A 1988 Jacques Mehler da abokan aikinsa a Faransa sun nuna cewa jarirai 'yan kwana huɗu suna bambanta Faransanci da Rashanci, ta hanyar auna yadda suke tsotsar robar da aka sa musu a baki idan yaren ya canja. Wanda ya fi burge ni ma a ƙasarmu aka yi shi: Kathleen Wermke ta jami'ar Würzburg a Jamus da mutanenta sun naɗi kukan jarirai sabbin haihuwa na ƙabilar Nso da ke arewa maso yamman Kamaru, suka gwada da na jariran Jamus, a 2016 suka fitar da cewa kukan 'ya'yan Nso ya fi hawa da sauka, kamar waƙa, domin yaren iyayensu mata yare ne mai karin sauti. Hausa ma haka take ai, wuya ta jiki da wuya ta wahala harafi ɗaya ne, murya ce kawai ke raba su, haka baba mahaifi da baba ta mace da baba na rini. Wato ɗan Bahaushiya tun bai ga duniya ba yake sauraron abin da zai raba masa waɗannan.

To idan uwar yare biyu take yi fa? An gwada wannan ma. A 2010 a Kanada, Krista Byers-Heinlein da Janet Werker sun duba jariran da iyayensu mata suka riƙa yin Turanci da Tagalog, yaren Filifin, lokacin da suke da ciki, sai aka ga jariran suna son jin yarukan duka biyu, kuma ba su cakuɗa su ba, sun san wannan daban wancan daban. Ɗan kwanaki kaɗan a duniya fa. Shi ne mu kuma muke cewa ɗan shekara biyu kansa zai ruɗe don ya ji "zo" a ɗaki ya ji "war" na Fulatanci a tsakar gida.

Akwai wani abu da ke faruwa tsakanin wata shida zuwa shekara ɗaya wanda ina ganin da iyaye sun san shi da sun daina tsoron yare. Ita dai Werker ɗin nan tun 1984 ta nuna cewa jariri ɗan wata shida zuwa takwas kunnensa a buɗe yake ga sautin kowane yare, 'ya'yan masu Turanci suna rarrabe wasu sautukan Hindi da iyayensu ko an maimaita musu ba sa jin bambancinsu, amma kafin su kai wata goma zuwa sha biyu wannan baiwar ta ragu, kunne ya zaɓi sautukan da yake ji kullum ya ƙyale sauran. Shi ya sa wanda ya girma da Faransanci kaɗai yake shan wahala da ɓ da ɗ da ƙ, a wurinsa bari da ɓari duk ɗaya ne, kafa da ƙafa duk ɗaya, shi kuma namu da bai ji Faransanci da wuri ba yake fama da wasu wasulansu da ake fitarwa ta hanci. Yaron da aka goya a gidan da ake Hausa da Fulatanci da Faransanci ko Larabcin Shuwa, kunnensa ya riƙe sautukan duka ba tare da ya biya ko dala ba, abin da wani sai ya girma ya kashe kuɗi ya zauna a aji kuma har ya mutu ana jin baƙunta a bakinsa.

Matakan kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina, yare ɗaya ko uku. Wata biyu zuwa uku yaro ya fara "aaa" da "guu" yana murmushi in an yi masa wasa, daga wata shida zuwa goma gwaranci ya kankama, bababa dadada mamama, kuma ba mamaki ba ne da ya sa baba da dada da mama da inna suke sunayen iyaye a yaruka da yawa, su ne abin da leɓe da harshe suka fi saurin iyawa, mu manya muka karɓe muka ce da mu yake. Wajen wata tara zuwa sha biyu zai fara nuni da yatsa, ya ɗaga hannu a ɗauke shi, ya waiwaya in an kira sunansa. Kalmar farko ta gaskiya wajen shekara ɗaya, wani kafin nan wani bayan nan, sannan tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kalmomi su kai wajen hamsin ya fara haɗa biyu, "Inna ruwa", "ba na so", "moto tafi". Har 'ya'yan kurame da ke tasowa da maganar hannu suna gwaranci, da hannuwansu, a daidai wannan lokacin, Laura-Ann Petitto ta nuna haka a 1991. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa magana ba a harshe take zaune ba, a ƙwaƙwalwa take, harshe ɗan aike ne.

Inda mutane suke ruɗewa shi ne wurin ƙirga. Uwa za ta ce ɗan maƙwabciyata ya san kalma kaza nawa kuwa rabin haka, alhali na Hausa kaɗai ta ƙirga, ba ta sa "ndiyam", ruwa da Fulatanci, da yake ce wa kakarsa ba, ba ta sa "bonbon" da yake ce wa mai shago ba. Barbara Pearson ta bi yara masu Turanci da Sifaniyanci a Miami, a 1993 ta nuna in ka haɗa abin da yaro ya sani a yarukan biyu, bai gaza ɗan yare ɗaya ba. Dukiyar ɗaya ce, a aljihu biyu aka raba ta. Cakuɗawar da yake yi kuma, ya ɗauko rabin magana nan rabi can, ai mu ya gani, wa ke cikinmu da zai yi ciniki a babbar kasuwar Garwa minti biyar bai haɗa yare uku ba? Kuma ku lura da kyau, yaro ɗan shekara biyu zuwa uku ya riga ya san wa ake yi wa wane yare, zai juya wa kakarsa Fulatanci ya juyo wa uwarsa Hausa ba wanda ya koya masa.

Kurakuransa ma aiki ne ba ruɗewa ba. 'Yar wana tana shekara uku take cewa saniyoyi maimakon shanu, dokoki maimakon dawaki, ba ta taɓa jin wani babba ya faɗi haka ba, ita ta ji mota motoci, taga tagogi, ta ciro doka da kanta ta shimfiɗa a kan komai. Haka "Baba ta zo" da yaranmu na nan suke yawan yi, Fulatanci ba ya raba namiji da mace a irin wannan wurin, kuma Hausar kasuwa ta wajenmu ma sau da yawa ba ta rabawa, to sai yaro ya ɗan jima kafin ya daidaita. Ba a gyara wannan da tsawa ko dariya. In ya ce "Baba ta zo" ki ce "eh, Baba ya zo, me ya kawo maka?" ya ji daidai ɗin kuma hirar ba ta yanke ba.

Shawarar nan ta a daina Hausa a koma Faransanci zalla kuwa, wallahi ita ce ta fi ba ni takaici. Na san daga ina take fitowa, uba yana tsoron ranar da za a kai yaro matanel, wato ajin reno, ko ajin SIL, ajin farko na firamare, ya zauna kamar gunki bai san me madam take cewa ba, tsoro ne na gaskiya kuma ni ma na ji shi. Amma ku duba abin da ke faruwa a zahiri. Uwar da Faransancinta bai wuce na gaisuwa da na asibiti ba, in aka hana ta Hausa me ya rage mata? Zo, zauna, ci, bari, yi shiru. Tatsuniya ta tafi, waƙar reno ta tafi, zolaya da kirarin da take yi masa in tana shafa masa mai duk sun tafi, an ɗauke yaro daga kogi an sa shi a kwano. Alhali yaron da ya ƙoshi da yaren gida, ya san yadda ake ba da labari, ya san jiya da gobe, ya san dalili da sakamako, wannan ginin yake ɗauka ya shiga da shi yare na biyu, sunaye kawai zai canja. Tun 1953 UNESCO take cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa, kuma a nan Kamaru tun 1981 Maurice Tadadjeu na jami'ar Yawunde ya fara shirin PROPELCA a kan wannan tunanin. Faransanci ba zai gudu ba, yana lekol yana rediyo yana titi. Hausar ce in ta fita daga ɗaki ba mai dawo da ita, kuma ranar da jika ya kasa hira da kakarsa an yi asarar da ba ta da diyya.

Yanzu abin da magana take buƙata da gaske. Mutum take buƙata, mai amsawa. Patricia Kuhl a Amurka ta yi wani gwaji a 2003 da nake so duk mai miƙa wa jariri waya ya sani: jarirai 'yan wata tara, 'ya'yan masu Turanci, aka riƙa kawo su suna zama da mai yin Sinanci yana musu wasa yana karanta musu littafi, zama goma sha biyu kacal, bayan nan suka iya rarrabe sautukan Sinanci kamar 'ya'yan Taiwan. Wasu jariran kuma aka nuna musu mutanen nan dai, maganar nan dai, amma a talabijin, wasu a kaset. Ba su koyi komai ba, daidai suke da wanda bai taɓa ji ba. Domin allo ba ya jira yaro ya ce "ba" ya ce masa "na'am", ba ya bin idonsa ya ga akuya yake kallo ya ce "akuya ce, ka ga tana cin dusa". Hukumar lafiya ta duniya a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kar a zaunar da shi gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a yini. Ni ba na zargin uwar da ke tuƙa tuwo ga wanki ga goyo ta miƙa waya don ta samu sararin numfashi, amma a daina cewa katun yana koya masa Faransanci, haddar waƙa daban magana daban.

A nan dole in taɓo maganar kunya, don wasu masu wayar da kai suna zuwa su ce iyayenmu mata ba sa magana da jarirai saboda haka al'adarmu ce matsala, musamman ɗan fari da uwa ba ta kiran sunansa ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ga Hausawa ga Fulani kowa ya san wannan. Ban yarda da su gaba ɗaya ba. Elinor Ochs da Bambi Schieffelin tun shekarun 1980 sun rubuta yadda a Samowa da wajen mutanen Kaluli na Papuwa Niyu Gini manya ba sa zama hira da jariri ido cikin ido irin na Turawa, kuma yaransu suna magana lafiya lau. Gidanmu na gargajiya cike yake da baki, kaka tana zolayarsa tana ce masa mijina ko kishiyata, yayye suna ɗaukarsa suna yawo da shi, goyo kansa makaranta ne, yana bayan uwa yana jin gaisuwa da ciniki da faɗa da sulhu tun daga rijiya har kasuwa. Kunyar uwa ba ta cutar da shi ba domin akwai goma da suka cike gurbin. Abin da ya canja shi ne gidan. Yanzu amarya tana ɗaki biyu na haya a wata kartiye, wato unguwa, miji ya fita da moto tun asuba, ba kaka ba goggo ba yayye, an kulle ƙofa, kunyar ɗan fari tana nan amma masu cike gurbin babu, sai waya. Wannan yaron shi nake ji wa tsoro, kuma ga irin wannan uwar nake cewa 'yar'uwa, a cikin ɗakinki ba mai ganinki, ki yi masa magana, ki faɗa masa abin da kike yi, in ya yi gwaranci ki amsa kamar ya faɗi magana, ko ba ki kira sunan ba ai akwai lakabi.

Sai kunne, wanda shi ne ya kamata a fara dubawa amma shi ake bari ƙarshe. Mu a yankin sanƙarau muke zaune, daga Senegal har Habasha, arewacin Kamaru da Chadi suna tsakiya, kuma cikin waɗanda suka tashi daga sanƙarau wajen ɗaya cikin biyar yana fita da wata lalura mai ɗorewa, rashin ji yana cikin na gaba-gaba. Allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac ta taimaka ƙwarai, a Chadi an yi wa mutum kusan miliyan 1.8 a Njamena da kewaye a ƙarshen 2011 kuma cutar ta faɗi da kashi 94 cikin ɗari a inda aka yi, sai dai nau'i ɗaya take karewa, sauran suna nan. Ga ƙyanda, ga hangum, ga shawara mai tsanani a makon haihuwa, ga wasu allurai irin su jentamaisin da ke iya taɓa ji in an yi su ba bisa ƙa'ida ba, shi ya sa allurar mai shagon magani a lungu take da haɗari. Wanda ya fi yawa kuma ya fi ɓoyuwa shi ne ciwon kunne na yau da gobe, mura ta zo ruwa ya taru a bayan dodon kunne, yaro yana ji amma kamar an tura kansa cikin randa. Irin wannan zai waiwaya in an buga ƙofa, sai a ce ai yana ji, alhali ƙarar ƙofa daban, rarrabe "s" da "sh" daban.

Linzami kuwa, gaskiya akwai shi, wasu yaran ana haifarsu da zaren ƙasan harshe gajere, yana iya hana su kama nono da kyau, wani lokaci ya taɓa furucin wasu haruffa, amma ba ya hana yaro sanin kalmomi ko haɗa su. Belu ma ba ruwansa da jinkirin magana. Ina girmama wanzamai, sana'ar gado ce, amma aska a bakin jariri tana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta, kuma mafi muni a yanka a koma gida a zauna jira wata shida, lokacin da ya fi kowane tsada yana wucewa.

Ba kowane jinkiri ne abin tashin hankali ba, da yawa cikin masu nauyin baki suna kamo sa'o'insu, maza kuma a kan samu sun ɗan yi baya kaɗan amma tazarar ba ta kai ta shekara ba balle a jingina da ita. In'ina ma takan zo tsakanin shekara biyu zuwa biyar kuma yawanci tana wucewa, abin da take so shi ne a bar yaro ya ƙarasa maganarsa ba a kwaikwayonsa. Tsamin baki a kan r da ts da ƙ yakan kai shekara biyar ko fi. Amma jaririn da ya kusa shekara ba gwaranci, ya cika shekara ba ya nuni ba ya waiwayawa in an kira shi, ya shekara ɗaya da rabi ba kalma ko ɗaya a kowane yare, ya cika biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko kuma wanda ya fara magana sai ta ɓace, wannan asibiti za a kai shi a ce a duba ji, kuma a faɗa wa likita komai har da rashin haɗa ido ko rashin wasa da yara in akwai, domin wani lokaci lalurar otizim ce, ita ma ba yare ke kawo ta ba ba kuma aljanu ba.

Ɗan ƙanwata dai da ƙyar muka shawo kan Goggo aka fasa kiran wanzami. Likitan kunne ya duba ya ce kunnuwan biyu duk sun kamu, ɗaya har dodon ya huje, ya hana ɗiga komai in ba abin da ya rubuta ba, aka yi makonni ana magani ana komawa. Ba a cire masa yare ko ɗaya ba, uwarsa ta ci gaba da Hausarta har ta ƙara, ta rage wayar, kakarsa ta ci gaba da Fulatancinta. Yanzu ya shekara uku da 'yan watanni, har yanzu yana bayan sa'o'insa kaɗan kuma ana bibiyar kunnen hagun. Ran Juma'ar da ta wuce na je gidan da rana ana zafin nan na Garwa, ya fito daga ɗaki ya ja zanen uwarsa ya ce "Inna hokkam ruwa", "hokkam" ɗin "ba ni" ne da Fulatanci, ta miƙa masa kofi, ya shanye ya miƙo ya ce "ankor", wato "ƙara" da Faransanci.